Wasiƙar Godiya ga Malaman Makarantar Tudun Maliki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin malaman Makarantar Masu Buƙata ta Musamman da ke Tudun Maliki, Kano. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Na daɗe da wannan magana a raina. Yau na ga gara in faɗe ta a bainar jama'a, don yabon gwani ya zama dole.

Autata kurma ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana shekara uku. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, sannan aka saka dokar kulle a Kano cikin Afrilu, sai aka koma koyar da yara ta rediyo da talabijin. Abu ne mai kyau, yayyenta sun amfana ƙwarai. Amma ita fa? Da safe za su zagaye rediyo da littattafansu, ita kuma ta zauna gefe tana bin fuskokinsu da ido. Wata rana na tarar ta ɗora tafin hannu a kan rediyon tana jin rawar da yake yi. Ɗaki na shiga na yi kuka.

A gida maganar hannu irin tamu ta gargajiya muke ɗan taɓawa: zo, ci, kwanta. Wadda ake koyarwa a makaranta, mai haruffa a yatsu, babu wanda ya iya ta a cikinmu. Kusan wata bakwai yarinyar nan ba ta samu abokin hira ba. Ga takunkumi ya rufe bakin kowa, alhali kurma da leɓe da gira yake gane rabin zance. Ta zama mai saurin fushi, ta daina ko rubuta sunanta.

Haka na mayar muku da ita a watan Oktoba, ina jin nauyi kamar laifina ne.

Malamarta, Allah Ya saka mata da alheri, ba ta nuna mini komai ba. Ba ta ce ai manhaja ta wuce, kowa ya bi a guje ba. Baya ta koma da ita, tun daga harafin farko, yatsa bayan yatsa. Na gani da idona ranar da na kawo ziyara: Malama ta ja baya zuwa bakin taga inda haske yake, ta sauke takunkumi don yara su ga fuskarta, ta maimaita alama ɗaya har sau nawa ba ta ƙosa ba. Da Auta ta dace, sai ajin gaba ɗaya suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa. Ashe tafin kurame ke nan.

Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta zaunar da ni a benci ta ce, "Hajiya, in ba ki koya ba, duk hutu sai mun sake daga farko." Ta koya mini alamar ciwo, da tsoro, da tambaya. A hutun da ya biyo baya Auta ta tashe ni cikin dare ta gaya mini haƙorinta ke ciwo, kuma na gane. Shekara da shekaru sai dai in yi ta lalube.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. Ni dai a ajinku na ga wannan haƙƙi a aikace. Ina roƙon hukuma da masu hali su riƙa tunawa da ku, da ma ɓangaren makafi da ke buƙatar kayan rubutunsu na musamman.

Allah Ya ƙara muku haƙuri da lafiya, Ya albarkaci zuri'arku, Ya jiƙan iyayenku. Amin.

Taku,
Mahaifiyar wata ɗaliba, daga Kano