Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiya

'Yan uwa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ne ya riƙe mana ƙafa a bana. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Ni da ma'aji mun bi mutane gida-gida a Kakuri da Makera da Nasarawa, mun yi ta kira har wasu suka daina ɗaga wayarmu. Na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinsa. Amma a cikinmu akwai 'yan acaɓa da masu tuyar ƙosai da ba su taɓa tsallake wata ba, alhali wasu masu albashi tun farkon shekara ba mu ga ko sisinsu ba.

Masu tambaya me ya sa har yau ba a buɗe shagon koyon ɗinki ba, ga amsa. An biya haya, an gyara rufi, an sa ƙofar ƙarfe. Da muka koma sayen kekunan ɗinki sai muka tarar farashin ya wuce abin da muka tsara nesa ba kusa ba, kuma wanda ya yi alkawarin ba mu sola ya janye. Kwamiti ya ƙi cin bashi da sunan ƙungiya, ni ma ina bayan wannan shawara. Ba a ci kuɗin kowa ba, rasit na nan wajen ma'aji ga duk mai son dubawa. Yashe kwata kuwa an fara kafin damina, aka tsaya saboda ranar aiki mutane kaɗan ke fitowa da shebur, kuma ba mu da kuɗin motar kwashe shara.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba.

Abin da ya faranta mini rai a shekarar nan shi ne ranar da muka haɗa iyayenmu tsofaffin ma'aikatan masaƙa da matasan unguwa. Yawancin yaran da suka zo an haife su bayan an rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002, wasu ma bayan masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta tsayar da aiki a 2007. Katanga da ciyayi kawai suka sani. Ba su san cewa tun 1957, zamanin Sardauna, ake saƙa a Kakuri ba, ko cewa audugar Funtuwa da Gusau nan take zuwa ta fita a matsayin yadi da atamfa. Iyayenmu suka zo da tsofaffin katin aikinsu da hotuna, suka ba da labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki, da yadda masu abinci da masu gidajen haya duk suke ci daga albashin masaƙa. Suka kuma faɗi abin da ya kashe ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba: rashin wuta, tsadar baƙin mai, injina da suka tsufa, da atamfar waje da ake shigowa da ita ta fasa-ƙwauri. Wasunsu har yau suna jiran kuɗin sallama.

Bayan azahar aka koma aikin hannu. Wani baba da ya yi aiki a sashen rini ya nuna yadda ake haɗa launi don kada ya zuba, 'yan mata suka kewaye shi suna rubutawa. Wani tsohon makanike ya kwance keken ɗinkin da aka daɗe da jefarwa, ya ɗaura shi a gaban jama'a, ya yi ɗinki da shi. Teloli da masu saƙar hula da masu jaka suka baje kayansu, da yawa sun sayar. Musulmi da Kirista sun zauna a benci ɗaya, daga tsallaken kogin Kaduna ma an zo, abin da ya yi wuya a garin nan tun rikicin 2000. Masaƙa ce ta haɗa iyayenmu a da, ranar kuwa na ga alamar hakan da idona. Tayar da masaƙa ya fi ƙarfinmu, amma ilimin da ke hannun waɗannan dattawa muna iya karɓarsa tun suna raye. Har wasu daga cikinsu sun ce za su koyar kyauta in an buɗe shago.

Shi ya sa raina ke ɓaci da waɗanda ba a gani sai ranar ɗaukar hoto. Kujeru, tanti, ruwan sha, duk mutanen da suka saba ne suka ɗauka, su ne kuma suka share wurin da dare. Wasu kuwa sai gyara a WhatsApp, ba kuɗi ba ƙafa.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi, kuma kwamiti zai kawo shawarar dakatar da duk wanda ya shekara bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba. Mai matsala ya same ni ko ma'aji kafin ranar, za a iya raba masa biyan. Abin da aka tara, kekunan ɗinki za a fara saya.

Sakatare