Zuwa ga 'yata, kafin gasar mutum-mutumi

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta shaida min cewa ƙungiyarku ta sake damƙa miki tuƙin mutum-mutumi a gasar VEX mai zuwa, wato gasar mutum-mutumi ta ɗalibai, kuma tun ranar barcinki ya ragu. Na san abin da ke cin ki. Wasan bara ne.

Ina cikin 'yan kallo ranar, kuma hannunki na fi zuba wa ido. Maƙalewar da na'urarku ta yi a jikin katanga ba ta daɗe ba. Abin da ya biyo baya ne ya cinye ku: kika danne sandunan rimot har ƙarshe, gaba, baya, gaba, kayan da kika ɗauko suka zube, kika bi su a guje har kika bangaje na'urar ƙungiyar da aka haɗa ku ɓangare ɗaya. Iyawa kam kin iya, na sha ganin atisayenki. Idan tsoro ya kama mutum, jiki kan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, yatsu su yi tauri, ido ya tsuke a kan abu guda. Tuƙin nan kuwa laushin babban yatsa yake so, da ganin fili gaba ɗaya.

Wasan minti 2 ne kacal. A daƙiƙa 15 na farko na'urar manhajarku take bi, ba ki da abin yi, sai minti 1 da daƙiƙa 45 da suka rage su dawo hannunki. To waɗancan 15 ɗin ki more su. Ki sauke kafaɗa, ki shaƙi iska ta hanci, ki fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Hakan na saukar da bugun zuciya.

In kuskure ya faru, ki saki sandunan na daƙiƙa ɗaya, ki ɗaga ido ki dubi filin. Za ki ce daƙiƙa tana da tsada, kuma gaskiyarki ne, amma bara sauri ne ya haifi nawa.

Ku uku ne a gefen fili. Tun yanzu ku daidaita wanda zai riƙa kallon agogo da wanda zai yi miki magana, murya ɗaya, kalma gajera. A atisaye kuma ki sa abokanki su yi ta ihu a kanki, su tare miki hanya da gangan, ki tuƙa da batir mai rauni, har hannunki ya saba da ɓacin rana. Hukuncin alƙalin wasa in bai yi miki ba, ki bari a tashi, sannan ki tambaye shi da ladabi.

Zan zo in Allah ya yarda. Can baya zan zauna, kada ki nemi fuskata sai an tashi wasan. Allah ya yi miki albarka.

Babanki