Babana, a duba gwiwar nan kafin ka sa hannu

Assalamu alaikum Babana, da fatan kana lafiya kai da abokan wasanka na basket, ƙwallon kwando. Mu nan Damagaram lafiya lau sai zafi, innarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka, Hajiya ta Birni kuma tace in tuna maka da hoton da ka yi mata alkawari tun sallah.

Na kira ka jiya da dare baka ɗauka ba, dama ko ka ɗauka baka bari in kai ƙarshen magana sai "to Baba, to Baba" ka kashe, shi yasa na zauna in rubuta. Ɗan kawunka da ya dawo daga Yamai ya faɗa ma innarka abin da ya gani, kar ka ji haushinsa, ita ta tsare shi da tambaya. Yace gwiwarka ta hagu tana kumbura duk bayan wasa, kana shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka ɗora mata ƙanƙara, kuma wai akwai ƙwayar da kake sha kafin ka shiga fili don kar mutumin nan da zai kai ka kulob ɗin waje ya ga kana ɗingishi. Wallahi tun da na ji maganar nan abinci baya wuce mini.

Ka san aikina kenan har na yi ritaya, koyar da wasanni a lakwal, yara nawa suka wuce ta hannuna, to bari in faɗa maka yadda nake ganin wasanka ba tare da son kai na uba ba. Allah ya ba ka tsawo, mita 2 da santimita 8 a shekara 20, da dogayen hannuwa, kwando kuwa mita 3.05 ne daga ƙasa, kaga baka da nisa da shi. Hannunka na riƙe ƙwallo, in an jefo maka baya kuɓucewa, kuma wannan ba kowane pibo, dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, ke da shi ba, da yawan dogaye ƙwallo na dukan tafinsu ya faɗi. Ka iya lokacin tsalle in za ka tare jifa. Kana ganin abokinka in ya samu fili ka miƙa masa, wannan ma yana burge ni ƙwarai, Nikola Jokić da ake ta magana sai na 41 aka ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA, babbar gasar basket ta Amurka, a 2014, ido da miƙa ƙwallo suka kai shi inda ya kai.

Amma ƙafarka nauyi gare ta. A wasan da ƙanenka ya nuna mini a waya, duk lokacin da ƙaramin ɗan wasa ya janyo ka waje nesa da kwando sai ya wuce ka kana juyowa, kai kuma sai ka kai masa hannu a hura maka laifi, laifi 5 ne fa mutum ya fita, wasan minti 40 ne, pibon da yake zaune a benci tun kashi na uku me ya amfana ma kulob? Jifarka ta kan layi bayan an yi maka laifi ita ma har yanzu bata zauna ba, kuma jikinka na buƙatar nama a cinya da ƙugu, ana ture ka ƙarƙashin kwando. Duk waɗannan ana gyara su da horo. Hakeem Olajuwon na Legas gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa basket yana wajen shekara 15, aikin ƙafar nan ne ya sa ƙungiyar Houston ta ɗauke shi na farko a 1984 har ya ci mata kofi 1994 da 1995, yana azumin Ramadan yana wasa. Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya kuwa ya fi shi tsawo, mita 2.21, aka ɗauke shi na biyu a 2009, 'yan shekaru kaɗan NBA ta gagare shi. Tsawo kaɗai bai riƙe shi ba.

In ka tambaye ni NBA, mutum 60 ake zaɓa a shekara a duniya duka, bana so ka ɗora rayuwarka a kan wannan. Amma ka yi shekara goma kana cin abinci da basket a kulob ɗin ƙasashen Larabawa ko Turai, ko ka buga gasar BAL ta kulob-kulob ɗin Afirka da aka fara a Kigali 2021, wannan ina ganin ka da shi har zuciyata. Sai dai duk lissafin nan a kan gwiwar nan yake tsaye.

Babana, dogon mutum ta ƙafa yake ƙarewa. Ka sha raka ni kasuwar dabbobi, ka ga raƙumi duk girmansa in gwiwa ta lalace ba mai tayawa sai mahauta. Greg Oden shi ƙungiyar Portland ta ɗauka na farko a 2007, gaban Kevin Durant fa, kafin ya buga wasa ko ɗaya aka yi masa aiki a gwiwa, duka duka wasa 105 ya buga a NBA. Yao Ming na Sin, mita 2.29, ƙashin ƙafa ya yi ta karyewa har ya ajiye wasa a 2011 yana shekara 30. Waɗannan mutane ne da manyan likitocin Amurka ke tsaye a kansu dare da rana, kai wa ke tsaye a kanka banda ƙanƙara a leda? Joel Embiid na Kamaru da kake manna hotonsa a ɗaki, bayan an ɗauke shi a 2014 shekara biyu cur ya zauna bai buga ba yana jinyar ƙafa, mutane suna ta cewa ya ƙare, ya haƙura ya warke, a 2023 shi ne gwarzon ɗan wasan NBA. Shi ya iya zama shekara biyu, kai wata biyu ya gagare ka?

Ita ƙwayar nan bata warkar da komai, ciwon kawai take rufewa ka ci gaba da tsalle a kan abin da ke lalacewa, guringuntsin gwiwa kuwa in ya cinye baya tsirowa kamar da. In tramol ne kake sha, to ka ji kunya wallahi. Kai da ka ga abin da ya yi ma yaran unguwarmu, ka ga wanda muka kai asibiti da dare yana farfaɗiya, kai ne yau za ka sa shi a bakinka? Kuma hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun farkon 2024, in aka gwada fitsarinka dakatarwa ce, da sunan gidanmu a jiki. Wa ya aike ka? Mun ce maka yunwa muke ji? Rufin ɗakin da kake ta magana shekara nawa yana yoyo muna ciki, Makkar innarka kuma Allah ne mai kira, ita da bakinta tace bata son kujerar da aka saya da gwiwarka.

Na san abin da ke ranka, kana ganin ka makara, kana ganin ni na tsare ka lokacin da aka zo maganar kai ka Senegal wasa kana shekara 16. Har gobe ina kan bakana. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, takardar BEPC ta ƙaramar sakandare kawai a hannu, a shekarar da ka san halin da gidan yake ciki, in sake ka ga mutumin da ko sunan unguwarsu ban sani ba? Bak ɗin da na tilasta maka ka yi, jarrabawar gama sakandare, yau shi ne zai sa ka karanta takardar da za a miƙo maka da idonka.

Kuma ka yi tunani, kulob ɗin kirki baya ɗaukar ɗan wasa sai likitansa ya duba shi. In sun gano can, za su maido ka da sunan maƙaryaci, labari kuma yana yawo tsakanin kulob da kulob. In basu duba ba ma, to ba wurin zuwa bane. Mutumin nan da ke gaggauta ka kasonsa yake jira, ranar da ka faɗi a fili wani dogon zai nema. Ka duba a takardar wa zai biya magani in ka ji rauni, albashi zai tsaya ko zai ci gaba, tikitin dawowa na wuyan wa, fasfonka kuma kar ya kwana a hannun kowa.

Ba faɗa nake so mu yi ba ɗana. Sunan mahaifina gare ka, ban taɓa iya kiran ka da shi ba, kuma ranar da na fara ganin ka a talabijin da rigar kulob fita na yi waje don kar ƙannenka su ga idona. So nake in daɗe ina kallon ka.

Na sayar da raguna biyu, kuɗin na hannun kawunka na Yamai, Litinin zai zo ya ɗauke ka ku je wajen likitan ƙashi. Kar ka yarda a tsaya a hoton radiyo kawai, ita ƙashi take nunawa, ka ce a yi hoton IRM don a ga jijiya da guringuntsi. Ka faɗa ma likitan sunan ƙwayar da yawan da kake sha, kar ka ɓoye masa komai, shi zai nuna maka yadda za ka bar ta. Kocinka kuma kai za ka faɗa masa da bakinka kafin Litinin, in baka faɗa ba ni zan kira shi, ina da lambarsa. In sakamako ya fito ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo mini ta WhatsApp, kar ka sa hannu a komai sai mun yi magana.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka