Yaran gidajen marayun Nepal, da yawansu iyayensu na raye

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wata ƙasa da ba mu cika jin sunanta ba sai in ana zancen dutsen Everest, ko kuma 'yan uwanmu masu aiki a Qatar da Saudiyya su ce ai abokan aikinsu 'yan can ne. Nepal nake nufi, wadda ke maƙale tsakanin Indiya da Chana, kuma maganar gidajen marayunsu ce ta sa na ɗauki biro.

In ka kalli rayuwar yaran daga waje sai ka ce ai ba su da matsala. Da asuba ake tashinsu, a yi shara a wanke fuska a sha shayi a ɗan duba littafi, wajen ƙarfe 9 a zuba musu dal bhat, shinkafa ce da romon wake da ɗan ganye, shi ne abincin ƙasar safe da dare kusan kullum ba canji, sai a saka yunifom a jera a tafi makaranta tunda su sai ƙarfe 10 ake shiga aji a tashi ƙarfe 4. Asabar ce ranar hutunsu, ranar ake wanki da wanka da tsefe kai. Matan da ke kula da su kuwa didi suke ce musu, wato yaya. Shekarar karatu tsakiyar Afrilu take farawa, kuma burin kowane yaro ya kai aji 10 ya ci jarabawar da suke kira SEE, wadda a da can sunanta SLC kuma saboda tsoronta har ƙofar ƙarfe suke mata laƙabi.

To ina matsalar? UNICEF ta ce har kashi 85 cikin 100 na yaran da ke waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, wasu ma duka biyun. Kaga kenan ba mutuwa ce ta raba su da gida ba, neman boko ne.

Abin ya yi ƙamari ne lokacin yaƙin basasa tsakanin gwamnati da 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao ta gurguzu, daga 1996 zuwa 2006, wanda ya ci rai sama da 13,000. A ƙauyukan kan duwatsu irin su Humla da Jumla, inda a lokacin mota ba ta zuwa sai jirgi ko tafiyar kwanaki a ƙafa, 'yan tawaye na kwashe yara makarantu sun lalace malamai sun gudu, sai wasu dillalai suka riƙa zuwa suna ce wa iyaye ku kawo kuɗi mu kai muku yaro Katmandu makarantar kwana ta Turanci, uba ya sayar da gona ko dabba ko ya ci bashi ya miƙa ɗansa da hannunsa yana murna ya tsirar da shi, ashe can za a yi wa yaron takardar bogi a rubuta iyayensa sun mutu a koya masa ya ce shi maraya ne. Yaƙi ya ƙare amma sana'ar ba ta ƙare ba, don akwai kuɗi a ciki.

Ku duba inda gidajen suka taru mana. Kwarin Katmandu, Pokhara, Chitwan, daidai wuraren da 'yan yawon buɗe ido suke sauka. Bature zai zo da kyakkyawar niyya wallahi, ya biya kuɗi don a bar shi ya yi sati biyu yana koyar da Turanci, ya ɗau hoto da yara, yara su shaƙu da shi, ya tafi wani ya zo a sake sabon ABCD daga farko. Wannan wane irin karatu ne? Kuma an samu gidajen da da gangan ake barin yara cikin tsumma da yunwa don tausayi ya fi kawo dala.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne lokacin Dashain, babban bikinsu na wajen Satumba ko Oktoba, da kowa ke komawa garinsu dattawa su manna wa yara jan tika, wato ɗigon jan kala, a goshi su sa musu albarka. Yaron da aka ɗauko yana ɗan shekara biyar, in ya kai sha biyar harshen ƙauyensu ya gudu daga bakinsa, bai san noma ba bai san dangi ba, ko an maida shi baƙo ne a ɗakin uwarsa. Sannan a shekara 16 ake karɓar takardar zama ɗan ƙasa kuma sai da shaidar iyaye, to wanda aka kashe iyayensa a takarda ina zai nufa? Ba takardar nan, aikin gwamnati da asusun banki da fasfo duk sun yi masa wuya.

Ban ce duka haka suke ba. Pushpa Basnet, wadda CNN ta karrama a 2012, yaran da iyayensu ke kurkuku take riƙewa tana sa su makaranta kuma ba ta raba su da sanin iyayen nasu. Ita ma gwamnati ta ɗan farka, bayan girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015 da ta kashe kusan mutum 9,000 an hana fita da yara daga gunduma zuwa gunduma ba da iyaye ko izini ba, dokar yara ta 2018 kuma ta ce gidan marayu shi ne zaɓi na ƙarshe in an rasa dangi. Amurka tun 2010 ta dakatar da ɗaukar riƙon yaran da aka ce wai tsintarsu aka yi a Nepal saboda takardun ba abin yarda ba ne, Ostireliya ma a 2018 ta sa harkar safarar yara zuwa gidajen marayu cikin bautar zamani.

Mu nan Arewa bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba, mun san uban da ke ɗora ɗan shekara bakwai a mota zuwa wani gari da sunan neman ilimi ya shekara bai san me yaron ke ci ba. Addini daban dalili daban, amma nisan da ke tsakanin yaro da uwarsa ɗaya ne. Kuɗin da ake kashewa a riƙe yaro ɗaya a Katmandu da a ƙauyensu aka zuba shi, a biya malami a gyara rufin aji a ba da abincin rana, da uban bai sayar da gonarsa ba tun farko.

Shi ya sa nake roƙonka Edita ka tura wakilanka gidajen marayun Kano da Kaduna da Maiduguri su tambayi masu gidajen, cikin yaran nan nawa ne aka nemi danginsu aka rasa, nawa ne kuma ba a ma nema ba. Mu masu kai buhun shinkafa da azumi muna so mu sani.

Naka mai karatu,
daga Sabon Garin Zariya