Wasiƙar Sashen Nazare: Tunawa da Malam Loris Malaguzzi

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yaranmu.

Ya gida, ya sanyi, ya ɗawainiyar yara? Allah ya saka da alheri.

Tun da aka dawo hutu ƙorafi ɗaya ke ta zuwa ofishina, yawanci daga iyaye mata: yara na komawa gida yunifom duk fenti da laka. Wata uwa ta tare ni a bakin get ta ce, "Malama, karatu na kawo shi ko kwaɓa?" Ban ga laifinta ba, sabulu ya yi tsada. Maimakon in yi ta ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya, na ga gara in ba ku labarin mutumin da muka ɗauko wannan tsari a wurinsa, tunda a ƙarshen watan nan na Janairu ranar rasuwarsa ke zagayowa.

Sunansa Loris Malaguzzi, ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a garin Correggio a 1920, ya rasu ranar 30 ga Janairu 1994 yana da shekara 73. A 1945, ana gama Yaƙin Duniya na Biyu, yana matashin malami mai shekara 25, sai ya ji labarin cewa mutanen wani ƙauye, Villa Cella, kusa da birnin Reggio Emilia, suna gina wa ƙananan 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Ya hau kekensa ya je ya gani da idonsa. Ya tarar da mata na tsince bulo daga ɓaraguzan gidajen da bom ya rushe, suna kankarewa. Kuɗin aikin kuwa, tankar yaƙi suka sayar, da dawakai da manyan motocin da sojojin Jamus suka gudu suka bari. Talakawa ne, manoma da leburori, ba wanda ya ba su kwangila. Daga wannan zuwa bai ƙara barin harkar ƙananan yara ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1963 hukumar birnin ta buɗe makarantarta ta farko ta yara 'yan shekara 3 zuwa 6, da hannunsa a ciki. A 1991 mujallar Newsweek ta Amurka ta sa ɗaya daga cikin makarantun, mai suna Diana, cikin waɗanda suka yi zarra a duniya.

Ni dai ba lambar yabon ce ta ja ni gare shi ba. Malaguzzi yakan ce yaro na da harsuna ɗari, amma mu manya sai mu bar masa guda ɗaya. Zane harshe ne a wurinsa, haka ginin yumɓu, haka waƙa da wasa da inuwa a jikin bango. Shi ya sa ya ware ɗakin fasaha a makarantunsu, ya sa masa malami na musamman wanda zane ya karanta. Malamai kuma sukan rubuta maganar yaro kamar yadda ta fito daga bakinsa, su liƙa kusa da aikinsa, don iyaye su karanta in sun zo ɗauka.

Mun ga haka a nan. Akwai yarinya a ajin 'yan shekara huɗu da ta yi zango guda ba mu ji muryarta ba, ko sunanta aka kira sai dai ta sunkuyar da kai. Ranar da aka kawo yumɓu ta zauna ta gina 'yar tukunya, ta yi mata murhu da duwatsu uku, ta karya tsinken tsintsiya ta jera a matsayin itace. Malamarsu ta durƙusa ta tambaye ta me ake dafawa. "Dambu," in ji ta, "na Kaka." Daga nan bakin ya buɗe, yanzu har sai an ce ta yi shiru.

Kuma in an duba, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyaye maza, wa bai yi motar kara ko ta langa-langa ba yana yaro? Ba wanda ya koya mana awo, amma tayoyin sukan zo daidai.

Wasu sun tambaya game da zanen abu mai rai. Mun ji, kuma mun fi karkata ga ganyaye, gidaje, tukwane da adon bango irin su dagi. Mai neman ƙarin bayani ya same ni a ofis.

Yanzu roƙonmu. A sako wa kowane yaro tsohuwar riga a jaka, wadda zai ɗora kan yunifom lokacin aikin hannu. Muna kuma karɓar kwali, murafen kwalba, kara, fasasshiyar ƙwarya da ragowar ƙyallaye daga shagon tela. Ban da reza, ƙusa da kwalbar magani. Iyayen da ke da sana'ar hannu, saƙa ko ɗinkin hula ko ginin tukwane ko yin faifai, in za su iya ba mu rabin awa su nuna wa yara, su ba malamar aji sunansu da ranar da ta yi musu.

Ayyukan yaran na nan a jere a barandar aji. In kun zo ɗauka ku tsaya ku duba, ku bar mai aikin ya yi muku bayani da bakinsa.

Wassalam,
Shugabar Sashen Nazare