Mai son ziyartar ƙasar Hopi ya nemi ɗan rakiya tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu sha'awar yawon buɗe ido a Amurka kan ƙasar ƙabilar Hopi, 'yan asalin Amurka, da ke arewa maso gabashin jihar Arizona. Ƙauyukansu 12, galibi a kan duwatsu uku masu shimfiɗaɗɗen kai da gindinsu, titi mai lamba 264 ya ratsa su. Kowane ƙauye da dokarsa, izinin wannan bai shafi wancan ba.

Ƙauyen Walpi, a dutse na farko, ba a shiga sai da ɗan rakiya ɗan ƙabilar, kuma da ƙafa. A tuntuɓe su tun kafin a tashi, domin ranar bikin gargajiya sukan rufe ƙauyen ga baƙi. Ƙauyen Oraibi kuwa tun wajen shekarar 1100 ake zaune cikinsa.

Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne waya. An hana ɗaukar hoto, naɗar murya, har zane a takarda. Ba a leƙa kiva, ɗakin ibadarsu, ba a tsintar katangar tukunya a ƙasa. Giya haramun ce a yankin.

'Yan tsanar da suke sassaƙawa da saiwar itace sunansu katsina, ba ruwansu da Katsinar Dikko. A saya hannun masassaƙin, da kuɗi a hannu.

Sai batun agogo: ƙasar ƙabilar Navajo da ta kewaye su tana ƙara awa ɗaya daga Maris zuwa Nuwamba, Hopi ba sa ƙarawa. Wayar baƙo kan ɗauko lokacin Navajo, ya iso ɗan rakiya bai fito ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano