Sanarwa: Zaman Asabar kan ƙidayar lokaci a duniyar da ba ta da rana

Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta.

Zamanmu na wannan mako ranar Asabar ne, ƙarfe 8:30 na dare, nan cikin rukuni. Tambayar ita ce: al'ummar da duniyarta ke yawo a sararin samaniya ba ta kewaya wata rana, da me za ta ƙirga lokaci?

Kowa ya turo shafi ɗaya kafin yammacin Juma'a. A zaɓi agogo guda, wato abin ƙirga lokaci, a faɗi inda zai gaza.

Shekara dai babu ita, tunda ba abin da ake kewayawa. Yini kuwa yana nan, domin duniyar na juyawa, taurari na fitowa suna faɗuwa. Tamu awa 23 da minti 56 take cika juyi idan da taurari aka auna. In mutanenku a teku suke ƙarƙashin ƙanƙara, ba sa ganin sama, ku ba duniyar wata mai kewaya ta irin namu, cikar ruwa da janyewarsa su zame musu agogo. Don Allah kada a dogara da maɓuɓɓugar ruwan zafi mai feshi lokaci-lokaci kaɗai, girgizar ƙasa na sauya tazarar feshinta.

Allah ya kai mu lafiya.

Masu kula da rukuni